Ba Ta Mutuwa a Gaban Makaniki

Ɗalhatu injiniyan lantarki ne a wani kamfanin iskar gas da ke arewa da Doha. Shekararsa tara a Qatar, kuma a wurin aiki an san shi da abu ɗaya: in na'ura ta ƙi aiki, kowa ya gwada ya gaji, shi ake kira. Shi ya sa maganar motarsa ta ci masa rai fiye da kima.

Motar Nissan ce, 300ZX ƙirar 1991, ja, mai ƙofa biyu, ga ta ƙasa-ƙasa sai ka ce za ta lashi kwalta. Tun yana sakandare a Funtuwa ya ga hoton irinta manne a shagon wani mai gyaran rediyo, ya sa ta a ransa. Da ya ji labarin akwai guda a gidan wani dattijo a Al Rayyan, lulluɓe da tamfol, shekara takwas ba a tayar da ita ba, bai tsaya shawara da kowa ba. Matarsa Haulat dai leƙowa ta yi ta taga, ta ga babbar mota tana sauke wani jan abu mai tayoyi huɗu duk a sace a gindin benensu na Al Sadd.

Shekara ɗaya da wata biyu ya yi yana fama. Duk ranar hutu yana ƙasan bene inda ake ajiye motoci, fanka a gefe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya canza lagireto, ya canza robobin ruwa, ya canza bel, ya sauke tankin mai ya wanke. Injin ya cika gidansa taf, babu inda za ka zura hannu ka fito da fatarka cikakkiya, don haka bayan hannuwansa kullum a kurje suke. Haulat, wadda ke aiki a wani kantin magani a unguwar, ta gaji da miƙo masa filasta, ta ajiye masa kwali guda a cikin motar.

Ranar da injin ya tashi ya daidaita, wanda ya fara kira shi ne Baballe. Baballe ɗan wan mahaifinsa ne, ya girme shi da shekara shida, yana aikin gadi a wani babban kanti, yana kwana ɗaki ɗaya da mutum uku a Al Asmakh. Dogo ne ƙwarai, mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Juma'a kaɗai yake hutu, kuma al'adarsu ce Ɗalhatu ya ɗauko shi su je masallaci, su dawo gida su ci tuwo tare.

A irin wannan Juma'ar motar ta fara halinta. Suna tafe lafiya lau, esi na busawa, Baballe ya jingina yana ba da labarin wani ɓarawon turare da suka kama a kanti, sai injin ya ɗauke ɗif kamar an zare makulli. Babu tari, babu gargada. Baballe ya fita ya tura ta gefen titi. Ɗalhatu ya buɗe bonet, ya tattaɓa wayoyin filogi, ya dawo ya murɗa makulli, ta tashi.

"Filogi ne," in ji shi. "Na san za a yi haka."

Ya canza duka shida. Bayan sati uku ta sake mutuwa a kusa da filin wasa na Al Rayyan, Baballe ya sake turawa. Wannan karon fiyus ɗin famfon mai ya taɓa kafin ta tashi, sai ya ce famfon mai ne, ya canza shi. Karo na uku ya ɗora laifin a kan wata 'yar na'ura da ke gaya wa inji lokacin ba da wuta. Ya yi oda daga Japan, ya jira sati biyar, ta iso, ashe ta wata ƙirar ce, soket ɗinta ma bai shiga ba. Ya sake jiran sati biyar.

"Abban Ruƙayya," Haulat ta ce masa wata safiya, tana riƙe da kwano, "mene ne wannan a cikin kwanon da nake jiƙa wake?"

"Tsofaffin filogi ne. Kada ki zubar, lafiyarsu ƙalau."

"In lafiyarsu ƙalau me ya sa ka cire su?"

Sai ya ɗauki makullinsa ya fita.

Da ta mutu karo na huɗu, ya haɗiye girman kansa ya kai ta Sanaiya, unguwar garejoji, wurin Sherif. Sherif Bamasare ne, ya tsufa a gyaran wutar mota, masu tsofaffin motocin Japan duk wurinsa suke ƙarewa. Ya riƙe ta kwana uku. Ya auna batir, ya auna caji, ya bi wayoyin inji ɗaya bayan ɗaya. Ya tuƙa ta da tsakar rana har Al Wakra ya dawo. Ya bar ta a kunne awa biyu cikin rana, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Ya muhandis," Sherif ya ce, wato injiniya da Larabci, yana goge hannu, "motarka ta fi ni lafiya."

"Tana mutuwa, Sherif. Sau huɗu."

"To ka kawo min ita lokacin da ta mutu."

"In ta mutu ta yaya za ta zo? Kafin a ɗauko ta kuma ta tashi."

Sherif ya ɗaga kafaɗa. "Abin da ban gani ba, ba zan gyara ba. Khalas, shi ke nan, je ka ji daɗin motarka."

Daga nan ta yi sati shida ko tari ba ta yi ba. Ɗalhatu ya je da ita aiki sau biyu, hanya mai nisa, ya dawo. Ya fara gaya wa mutane cewa ya gano matsalar, 'yar na'urar nan ce ta Japan. A cikin satuttukan nan bai ga Baballe ba, don an sauya masa jadawali, yana aiki har ranar Juma'a.

Ana nan sai Baballe ya kira shi da labari. Wani otal a West Bay yana neman shugaban masu gadi, sun ga takardunsa, sun ce ya zo ganawa ranar Talata ƙarfe goma na safe. Shekara bakwai yana tsaye a ƙofar kanti. Wannan aikin in ya samu, zai sami ɗakinsa shi kaɗai, zai kuma iya neman izinin matarsa Hannatu ta zo ziyara. Ya sayi kwat mai ruwan toka, ya kai wa tela ya ƙara tsawon hannu da ƙafa.

"Jirgin ƙasa zan shiga," ya ce. "Tasha uku ce ko huɗu."

"Haba Yaya! Daga tasha zuwa otal ɗin da ƙafa za ka taka, cikin wannan zafin na Satumba? Ka isa wa mutane sharkaf da gumi? Ina hutu ranar, ni zan kai ka har bakin ƙofa."

"Da wace motar?"

"Haulat za ta fita da ta gida. Amma wannan ta warke, Yaya. Sati shida."

Baballe ya ce, "Injiniya, ka tabbata?"

"Aikina ke nan fa."

Ƙarfe tara da kwata Ɗalhatu ya ɗauke shi. Baballe ya shigo ya zauna a takure, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, fayil a cinya, yana maimaita amsoshinsa da Turanci ƙasa-ƙasa. Suka hau titin bakin teku. Laima ta yi yawa har dogayen benayen West Bay sun yi dishi-dishi a gabansu. Saura minti goma su isa, ga lokaci isasshe.

Ɗalhatu ya dube shi ya yi dariya. "Yaya, ka ga yadda ka ƙame kuwa? Saki jikinka. Miƙe ƙafarka, ka ja numfashi. Aikin nan naka ne in sha Allahu."

Baballe ya sauke numfashi, ya jingina, ya miƙe ƙafa.

Injin ya ɗauke.

A layin tsakiya suke, gab da fitilar ba da hannu. Motar ta gangara kaɗan ta tsaya. Ɗalhatu ya murɗa makulli, inji ya juya bai kama ba. Ya sake. Ya sake. Na baya suka fara hon, wani mai babbar jif ya zuge gilas yana ɗaga hannu yana cewa yalla, yalla.

"Kada ka fita, Yaya, ni zan tura. Ka riƙe sitiyari."

"Ka taɓa ganin na shiga bayan sitiyarin nan? Ƙafata ba ta shiga."

Ya ajiye fayil, ya fita da kwat ɗinsa. Sai da ya tura ta ta tsallake layi biyu, motoci na kaucewa, kafin su sami gefe. Da ya miƙe, farar rigarsa ta manne a ƙirjinsa, gwiwar wandonsa ta dama ta gogi bakin salansa ta yi baƙi ƙirin. Ya dubi wandon, ya dubi agogo. Tara da minti arba'in.

Ɗalhatu ya riga ya buɗe bonet yana zagin abin da ba ya gani. "Ba ni minti biyu. Minti biyu kawai."

"Na ce maka zan shiga jirgi."

"Sati shida, Yaya! Har wurin aiki na je da ita!"

"Na tambaye ka ka tabbata, ka ce aikinka ke nan."

Zafi da kunya suka haɗu suka hau wa Ɗalhatu ka. Ya buga hannu a kan mota ya ce, "Wallahi ni kaɗai ba ta taɓa mutu min ba! Sai ka shiga!"

Baballe ya tsaya yana kallonsa. Bai ɗaga murya ba.

"Wato ni ne mai farar ƙafa."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ji. Allah ya ba ka haƙuri, na ɓata maka mota."

Ya ɗauki fayil ɗinsa ya yi gaba yana ɗaga wa tasi hannu. Sai da aka yi kusan rabin awa kafin wata ta tsaya. Ɗalhatu yana kallo har ta ɓace. Ya rufe bonet ba tare da ya taɓa komai ba, ya shiga, ya murɗa makulli don kawai ya ji haushi da hujja.

Bugu ɗaya ta tashi. Tana kaɗawa sumul, esi ya dawo da sanyinsa.

Ya kifa goshi a kan sitiyari. Da zai iya ɗaga ta, da ya jefa ta teku.

Ya kira Baballe sau biyar ranar, ba a ɗauka ba. Bayan magariba yana zaune abinci na gabansa bai taɓa ba, sai ya ce wa Haulat, "Kin san wani abu? Maganar da na gaya masa gaskiya ce."

"Wace magana?"

"Sau biyar ta mutu, duka biyar ɗin yana ciki. Sati shidan da ta yi lafiya, sati shidan da ba mu haɗu ba ne. Sherif shi kaɗai ya tuƙa ta."

Haulat ta ajiye cokali. "Ka sa mutum ya makara wurin neman aiki, ka ɓata masa kaya, ka gaya masa magana a bakin titi. Yanzu kuma ka zauna kana lissafin cewa kai ne da gaskiya?"

"Ba camfi nake ba. Dole akwai dalili."

"To ka riƙe dalilinka. Haƙuri za ka je ka ba shi, ba bayani ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya tafi Al Asmakh. Ya ajiye motar a lungun gidansu Baballe, ya same shi a bakin shagon mai shayi, zaune a kan kujerar roba da kofin shayin karak a hannu. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da daɗi. Ɗalhatu ya tsuguna.

"Yaya, na zo ba ka haƙuri ne. Laifina ne daga farko har ƙarshe. Yaya aka yi?"

"Na isa goma da minti ashirin. Suka ba ni minti biyar. Mutumin yana tambayata, idonsa na kan gwiwata. Jiya suka turo saƙo, sun ɗauki wani."

"Innalillahi. Ka yafe min."

"Ba rabona ba ne. Ya wuce."

Da ya tsaya a nan, da ya yi daidai. Amma motar na nan a lungu, taku ashirin daga inda suke, abin kuma yana cinsa kwana uku.

"Yaya, don Allah, in roƙe ka wani abu. Ka zo ka ɗan zauna a cikinta. Ba inda za mu je."

Baballe ya ajiye kofi a hankali. "Ɗalhatu, haƙuri ka zo ba ni, ko gwaji ka zo yi da ni?"

"Duka biyun," in ji Ɗalhatu, kansa a ƙasa. "Amma haƙurin ya fi yawa."

Baballe ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe yana girgiza kai. "Mu je. In ta mutu, wallahi kai za ka tura."

Ɗalhatu ya tayar da inji, ya bar shi yana kaɗawa. Baballe ya shiga ya zauna a takure. Minti ɗaya, minti biyu, babu abin da ya faru.

"Yi yadda ka yi ranar Talata. Jingina. Miƙe ƙafa."

Ya miƙe. Injin ya ɗauke ɗif.

"Janye."

Ya janye. Ɗalhatu ya murɗa, ta tashi.

"Miƙe."

Ta mutu. Sau uku suka yi, sau uku ta mutu. Mai shayi da wasu mutum biyu sun taso suna kallo. Ɗalhatu ya zagayo, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yaye kafet ɗin da ke gaban kujerar, can sama inda tafin ƙafar dogon mutum ke kaiwa. Ga akwatin kwamfutar motar nan a fili, ƙwaƙwalwar da ke juya inji gaba ɗaya, babu abin da ya raba shi da takalmi sai kafet. Babban soket ɗinsa ya karkace, kusar da ke riƙe shi ta yi sako-sako. Ya danna da yatsa, soket ɗin ya motsa.

Ya ɗauki hoto ya tura wa Sherif, ya kira shi.

"Ina katakon?" Sherif ya tambaya tun kafin su gama gaisawa.

"Wane katako?"

"Akwai falankin da ke rufe wurin nan, ya muhandis. Masu ƙera motar sun san mutane na da ƙafa. Wa ya cire?"

Ɗalhatu ya buɗe baki zai ce tsohon mai motar ne, sai ya tuna. A watan farko, da yana wanke kafet, ya kwance wani falanki mai ƙura daga wurin, ya ga bai yi kama da kayan mota ba, ya ɗauka wani ne ya cusa shi. Ya hau da shi sama ya jingine a baranda.

Ya kira Haulat. "Akwai wani katako da na ajiye a baranda bara waccan, mai huji huɗu. Kin gan shi?"

"Wanda ke ƙarƙashin injin wanki? Shi ya hana shi rawa. Me ya faru?"

Wayar a buɗe take, kowa ya ji. Mai shayi ya juya ya koma shagonsa kafaɗunsa na motsi. Baballe yana zaune a cikin mota, ƙafa ɗaya a waje.

"Wata bakwai," ya ce. "Wata bakwai ina tura mota cikin rana. Har da kwat."

"Yaya..."

"Ka canza filogi. Ka canza famfo. Ka aika Japan sau biyu. Kai da ake kira in na'urar kamfani ta gagara."

"Na sani."

"Ba ka sani ba tukuna. Bari in je gida hutu, sai Funtuwa gaba ɗaya ta sani."

Da Ɗalhatu ya koma gida ya zaro falankin daga ƙarƙashin injin wanki, gyaran bai kai minti ashirin ba. Ya ɗaure soket, ya mayar da falanki, ya ja kusoshi huɗu. Washegari ya sa kaya masu kyau ya tafi otal ɗin da kansa, ya nemi ganin mutumin da ya gana da Baballe, ya gaya masa abin da ya faru ba ragi: motarsa ce, taurin kansa ne, mutumin da suka gani da baƙin wando shekara bakwai bai taɓa makara a aiki ba. Mutumin ya saurare shi, ya ce gurbin ya cika, amma zai ajiye fayil ɗin. Ɗalhatu ya fito bai sa rai ba.

A watan Disamba suka kira Baballe, wani gurbi ya buɗe a reshensu na Lusail. Bai gaya wa Ɗalhatu ba sai da ya je ya dawo. Ya sami aikin.

Motar kuwa ba ta sake ɗaukewa ba. Da sanyi ya shigo, Ɗalhatu ya wanke ta tas ya kai ta taron da masu tsofaffin motoci ke yi da safiyar Juma'a a wani filin ajiye motoci, karonsa na farko. Mutane suka zagaye ta, ana ɗaukar hoto, ana tambayarsa shekararta. Wajen ƙarfe tara ya shiga zai tafi, ya taka kuloci, sai fedar ta nutse har ƙasa ta ƙi dawowa. Ya fita ya leƙa ƙarƙashi. Mai yana ɗiga, ɗis, ɗis, a kan siminti.

Ya cire agogo, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta da farin yadinsa na Juma'a. Yana nan sai ya ga takalma sun tsaya kusa da kansa. Wani Baƙatare ne mai suna Abdul-Majeed, wanda ya daɗe yana zagaya motar tun safe. Ya sunkuyo.

"Ɗan'uwa, ina ganin ta gajiyar da kai. In za ka sayar, ina so."

Ɗigon mai ya sauka a goshin Ɗalhatu, ya gangara ya shiga kunnensa. Ya rufe ido ya yi tsaki mai tsawo.

"Ta gajiyar da ni ƙwarai," ya ce. "Ba ta sayarwa ba ce. In akwai sifana mai lamba sha biyu a motarka, taimaka min da ita."